Naman Zomo: Amfaninsa ga Jiki da Yadda Ake Girka Shi

Naman zomo fari ne, tsokarsa mai laushi ce, kitsensa kaɗan ne. Wannan ƙarancin kitse shi ne tushen kusan duk abin da ake faɗa a kansa. Daga nan amfaninsa ga jiki ya fito, daga nan kuma wahalar girkinsa ta taso, domin naman da babu maiƙo a tsakanin tsokarsa saurin bushewa yake yi idan wuta ta yi masa yawa. Ɗan kitsen da zomo ke tarawa yana zama ne a kewayen ƙoda da kan kafaɗa, ba ya ratsa cikin tsoka yadda yake yi a jikin rago ko sa. Mai girkin da ya riƙe wannan a ransa, ya kuma san shekarun zomon da ke hannunsa, sauran aikin mai sauƙi ne a gare shi.

Zomon gida da zomon daji

Dabbobi biyu ne daban, ko da yake dangin juna ne. Zomon da ake kiwo a keji asalinsa daga yankin Sifen da Fotugal ne, kuma irin da aka fi gani a hannun masu kiwo a Najeriya su ne New Zealand White da Chinchilla da Californian da Dutch, da kuma ruwa-biyun da suka fito daga haɗa su. Ana haifar 'ya'yansa tsirara, idanu a rufe, bayan ciki na kusan kwana 31. Zomon daji da mafarauta ke kamowa da karnuka a lokacin rani ya fi shi dogayen ƙafafu da kunnuwa, ba ya haƙa rami, 'ya'yansa kuma da gashinsu ake haifarsu, idanu a buɗe. Su biyun ba sa haihuwa da juna.

Bambancin yana bayyana a tukunya. Na daji rayuwarsa gudu ce, saboda haka namansa ja ne mai duhu, mai tauri, mai ƙarfin ƙanshi, kuma kitsensa bai kai rabin na gida ba. Na gida namansa fari ne mai ɗan ratsin ja, ɗanɗanonsa ba shi da ƙarfi, yana kuma shan kayan ƙanshi sosai. Yawancin abin da ke cikin wannan bayani a kan na gida yake.

Akwai masu ƙyamar zomo saboda suna ɗaukarsa ɗan'uwan ɓera. Masana dabbobi sun raba su gida biyu. Zomo yana da haƙoran gaba huɗu a sama, biyu manya da biyu ƙanana a bayansu, ɓera kuwa biyu gare shi. Abincin zomo ganye ne da ciyawa da dusa da harawa.

Abin da ke cikin naman

Alƙaluman Ma'aikatar Noma ta Amurka sun nuna cewa giram 100 na ɗanyen naman zomon gida yana ɗauke da furotin, wato sinadarin gina jiki, kimanin giram 20, da kitse giram 5 da rabi, da kalori 136. Idan aka dafa shi ruwa ya fita, furotin ɗin da ke cikin giram 100 yakan kai giram 29 zuwa 30. Baligi mai nauyin kilo 60 yana buƙatar kimanin giram 50 na furotin a rana, ke nan cinyar zomo guda mai kyau ta ɗauke masa fiye da rabin buƙatarsa. Furotin ɗin kuma cikakke ne, yana da dukkan sinadaran da jiki ba ya iya ƙera wa kansa, ciki har da wanda ya yi ƙaranci a gero da dawa da masara. Wannan ne ya sa ɗan nama kaɗan a cikin miya yake ƙara wa tuwo daraja fiye da yadda girmansa ke nunawa.

Idan aka kwatanta, kajin gidan gona da fatarsu suna da kitse kimanin giram 15 a cikin giram 100, naman rago mai ƙiba kuwa yakan haura giram 20. Sai dai bai kamata a zuzuta abin ba. Ƙirjin kaza da aka cire wa fata ya fi zomo ƙarancin kitse. Haka ma kolestarol: zomo yana da kimanin miligiram 57, kaza da sa suna ɗan sama da haka, kuma tazarar ba ta kai a kira naman zomo magani ba, kamar yadda wasu masu tallan kiwo ke yi. Abin da za a iya faɗa da gaskiya shi ne nama ne da ya dace da mai son rage kitse a abincinsa, muddin ba a tsoma shi a cikin mai ba wajen girki.

Inda ya yi fice sosai shi ne bitamin B12, wanda jiki ke buƙata wajen ƙera jini da kiyaye jijiyoyi, wanda kuma ba a samunsa a hatsi ko ganye. Giram 100 yana da kimanin maikurogiram 7, alhali buƙatar baligi a rana maikurogiram 2.4 ce. Ƙananan halittun da ke zaune cikin babban hanjin zomo ne ke ƙera bitamin na rukunin B, shi kuma yana fitar da wani kashi mai laushi, yawanci da dare, ya sake haɗiye shi, ta haka jikinsa ke amfana da su. Ɗabi'arsa ce ta halitta, ba alamar ciwo ba ce. Naman yana kuma da bitamin B3 mai yawa, da fosfaras fiye da miligiram 200, da fotasiyam kimanin miligiram 330, da seleniyam. Sodiyam ɗinsa kaɗan ne, kimanin miligiram 41, abin da ke da amfani ga mai hawan jini. Amma dunƙulen ɗanɗano guda ɗaya yana da sodiyam fiye da abin da ke cikin zomo sukutum, don haka a hannun mai girki maganar take.

Wani abin lura shi ne irin kitsen da zomo ke tarawa yana bin abin da ya ci, domin cikinsa ɗaya ne, ba ya tuƙa kamar shanu da awaki. Wanda aka kiwata da ɗanyen ganye yakan fi wanda aka cika da dusa da masara samun kitse mai amfani ga zuciya.

Inda ya gaza

Sinadarin ƙarfe da ke cikin naman zomon gida bai wuce miligiram 1.6 ba a giram 100, ƙasa da na sa da na akuya. Mace mai ciki ko yaro mai ƙarancin jini zai amfana da shi, amma jan nama ya fi shi a wannan fanni. Na daji yana da ninkin na gida. Babu bitamin C a cikinsa, babu sitaci, babu harzar da ke taimakon hanji, kalsiyam ɗinsa ma kaɗan ne. Wurinsa a cikin miyar ganye yake, tare da tuwo ko shinkafa.

A arewacin Kanada, mafarauta da matafiya da suka rayu makonni a kan naman zomon daji kaɗai, babu mai babu hatsi, sun gamu da gudawa da ciwon kai da kasala da yunwar da ba ta ƙoshi komai yawan abin da suka ci. Mai binciken yankin ƙanƙara Vilhjalmur Stefansson ya yi bayanin wannan hali a rubuce-rubucensa. Dalilin shi ne akwai iyaka ga yawan furotin da hanta ke iya sarrafawa a rana, jiki kuma yana buƙatar mai ko sitaci don samun ƙarfi. Wanda ke cin zomo da tuwo da man gyaɗa ba ya cikin wannan haɗari ko kaɗan.

Masu ciwon ƙoda da likita ya ƙayyade wa furotin da fosfaras da fotasiyam su lissafa zomo kamar kowane nama. Masu ciwon gaɓɓai irin wanda cin nama ke tayarwa su yi sassauci, su kuma bar hanta da ƙoda. Ga yaro da ya kai wata shida aka fara ba shi abinci bayan nono, naman zomo da aka dafa ya yi lugub aka dake shi, babu yaji, yana da kyau ƙwarai, da sharaɗin an tsince ƙashi tsaf.

Halaccinsa

Mazhabobi huɗu na Sunna sun halatta cin zomo. Hujjarsu ita ce hadisin Anas ɗan Malik da ke cikin Buhari da Muslim, inda aka kama zomo a Marruz Zahran, Abu Ɗalha ya yanka shi ya aika wa Annabi (SAW) da wani sashe na ƙugunsa ko cinyoyinsa, ya kuma karɓa. Malaman mazhabar Ja'afariyya suna ganin bai halatta ba, haka ma shari'ar Yahudawa ta hana shi. Mai baƙi daga wurare daban-daban zai kyautu ya faɗa musu abin da ke cikin tukunya.

Zaɓen zomon yanka

Shekaru su ne farkon abin dubawa, domin su ne ke nuna irin girkin da za a yi. A gonakin Turai ana yanka zomo yana da mako 10 zuwa 12, nauyinsa kilo 2 zuwa 2 da rabi. A ƙasashe masu zafi, inda abincinsa ganye ne da dusa, girmansa ya fi jinkiri, yakan ɗauki wata huɗu zuwa shida kafin ya kai kusan kilo 2. Matashin zomo irin wannan ya dace da gashi da suya da tsire. Tsohuwar uwa da ta daina haihuwa, ko tsohon namiji, namansu ya fi ɗanɗano amma sai an daɗe ana dafawa, don haka miya da farfesu da dambu ne nasu. Bayan an feɗe an cire kayan ciki, abin da ke saura yakan zama kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na nauyinsa yana raye. Zomo mai kilo 2 zai ba da kimanin kilo ɗaya ko sama kaɗan, daidai miyar mutum huɗu ko biyar. Wannan ma wata fa'ida ce ga gidan da wuta ba ta tsayawa: dabba ce ta girki ɗaya, ba a barin saura da za a nema wa firji.

A zaɓi mai haske a ido, mai santsin gashi, wanda hancinsa a bushe yake, ƙarƙashin wutsiyarsa babu alamar gudawa, cikin kunnensa babu ɓawon ƙazuwa. Wanda aka yi wa allura ko aka ba magani a ruwa, a jira kwanakin da aka rubuta a jikin maganin su cika kafin a yanka. Idan zomaye suna mutuwa farat ɗaya a keji, wani lokaci da jini a hanci, a nemi likitan dabbobi. Akwai wata cuta mai saurin kisa da ke sa su zubar jini a ciki, wadda aka tabbatar da ɓullarta a Najeriya a shekarar 2020. Ba ta kama mutum, amma yanka marasa lafiya a raba naman yana kai ta wasu gidajen kiwo. Mai neman iri mai kyau ko shawarar kiwo zai iya tuntuɓar ma'aikatan gona na yankinsa, ko Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika kusa da Zariya, wadda ke bincike a kan zomaye.

Yanka da fiɗa

A janye masa abinci kimanin sa'a 12 kafin yanka, a bar masa ruwa. Hanjin da ba a cike yake ba ya fi sauƙin cirewa ba tare da ya fashe ba. Ba a ɗaga zomo da kunne. A kama fatar ƙeyarsa da hannu ɗaya, a tallafe ƙugunsa da ɗayan, domin idan ya yi harbi da ƙafafun baya yana rataye yana iya karya gadon bayansa. Mutum biyu sun fi: ɗaya ya riƙe ƙafafu, ɗaya ya yanka. Wuƙa ta kasance mai kaifi, a fuskantar da shi alƙibla, a yi bisimilla, a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu a tashi ɗaya, a bar jini ya tsiyaye har ya daina motsi.

Sai a rataye shi ta ƙafafun baya, kai a ƙasa. A zagaye fatar kowace ƙafa da wuƙa a daidai gwiwa, a tsaga ta cikin cinya daga wannan ƙafa zuwa waccan ta gindin wutsiya, a yanke wutsiyar. Daga nan hannu ne ke aiki: a kama fatar a ja ta ƙasa, za ta zame gaba ɗaya kamar ana tuɓe wa yaro riga. A zaro ƙafafun gaba, a yanke tafukansu. Wasu suna babbaka shi maimakon fiɗa don son ƙanshin hayaƙi. Hakan yana yiwuwa, sai dai a yi da itace ko kara, kada a yi da taya ko roba.

Wajen buɗe ciki, a ɗaga fatar cikin da yatsu biyu a ɗan huda, a sa yatsun a ciki suna tura hanji baya, a tafi da wuƙa bakinta yana kallon waje har zuwa ƙirji. Abubuwa uku ne ke ɓata naman a wannan mataki. Na farko mafitsara, wadda sau da yawa a cike take, sai a tsuke bakinta a cire ta ba tare da ta fashe ba. Na biyu maɗaciya, ƙaramar jaka mai launin kore da ke manne a hanta, a yanke ta tare da ɗan naman hantar da ke kewaye da ita. Na uku, wanda aka fi mantawa, wasu ƙananan ƙulle-ƙulle ne guda biyu a gefen dubura, a gindin wutsiya. Su ne ke ba zomo warin jikinsa, idan aka dafa da su miya takan yi ɗaci da wani irin wari. A tsaga ƙashin da ke tsakanin cinyoyi, a cire ƙarshen hanji tare da su. Yawancin masu cewa naman zomo yana da ƙarni, irin wanda ba a gyara nan wurin ba suka ci.

A duba hanta. Lafiyayya ja ce mai duhu, sumul. Idan tana da farare ko rawayen ɗigo-ɗigo, alama ce ta wata cutar hanta da ke yawan kama zomayen keji mai datti, a zubar da ita. Idan kayan ciki duka sun canja kama, ko akwai ruwa ko mugunya, a haƙura da zomon gaba ɗaya. A zomon daji a sa safar hannu ko leda wajen fiɗa, musamman mai rauni a hannu, a kuma yanke wurin da harsashi ya shiga a tsince dalma.

A ɗauraye naman da ruwa mai tsabta don cire gashi da jini, amma kada a bar shi ya jiƙa a ruwa, domin yana shan ruwa ya yi fari ya rasa ɗanɗano. Na daji ne kaɗai ake jiƙawa a ruwan gishiri na sa'a ɗaya ko biyu don ya saki jini. Nama yakan sandare 'yan sa'o'i bayan yanka. Ko dai a ɗora shi a wuta nan take, ko a sa shi a firji ya kwana ya saki. Wanda aka dafa a tsakiyar sandarewa shi ne ke tauri komai ƙuruciyar zomon.

Daddatsawa

Ƙashin zomo siriri ne mai saurin tarwatsewa. Idan aka sare shi da adda yadda ake sarar naman akuya, tsinin ƙashi zai watsu a cikin miya, abin da ke da haɗari ga yara da tsofaffi. A bi gaɓa da wuƙa. Ƙafafun gaba ba su da ƙashin da ya haɗa su da jiki, ana ɗaga su a yanka ta ƙarƙashin kafaɗa su fita. Cinyoyin baya a banƙare su har gaɓar ƙugu ta ɓalle, a yanke. A yanke fatar ciki mai faɗi ta gefe biyu. A raba haƙarƙari da gadon baya, sannan a raba gadon bayan biyu ko uku ta hanyar ɗora wuƙa a tsakanin gaɓoɓi a danna da tafin hannu.

Waɗannan sassa ba sa nuna lokaci ɗaya. Cinya ita ce mafi nama kuma tana jure wuta. Ƙafafun gaba da fatar ciki suna da jijiya, suna son doguwar dahuwa, kuma su ne ke ba romo kauri. Tsokar gadon baya ita ce mafi laushi kuma mafi saurin bushewa. Tana da wani farin tantani a samanta wanda ke tsukewa a wuta ya lanƙwasa naman, gara a zare shi da bakin wuƙa. Kai da haƙarƙari na romo ne.

Girki

Ƙa'idoji uku ne: a ƙara masa mai, a rage masa wuta, a sa gadon baya daga baya. Tsakiyar naman ya kai zafin digiri 71 a ma'aunin Salsiyos. Wanda ba shi da ma'auni ya soka wuƙa a jikin ƙashin cinya, ruwan da zai fito ya zama garau babu ja.

Tsuma naman kafin girki yana taimakawa. Kindirmo da tafarnuwa da citta da gishiri da cokali biyu na man gyaɗa sun isa, a bar shi sa'a biyu zuwa huɗu a wuri mai sanyi. Lemun tsami yana kashe ƙarni, amma idan ya wuce sa'a ɗaya yakan sa bayan naman ya yi gari-gari. Ga tsohon zomo, ɗanyar gwanda da aka goga ko ganyenta da aka murza aka naɗe naman a ciki suna tausasa shi. Kanwa ma tana sa shi laushi, sai dai tana lalata wasu bitamin na rukunin B, tana kuma canja ɗanɗano. Haƙuri da ƙaramar wuta ya fi ta.

Farfesu shi ne hanya mafi sauƙi, kuma wadda ba a asara mai yawa a cikinta, tun da abin da ya fita daga nama yana cikin romon da za a sha. Ga zomo mai kilo ɗaya, a zuba cokali uku na man gyaɗa ko man shanu a tukunya, a soya albasa babba guda har ta yi laushi, a zuba naman ban da gadon baya, a juya har ya canja launi. A sa dakakkiyar citta da tafarnuwa da masoro da kanumfari uku ko huɗu da kimba guda da aka fasa, da attaruhu gwargwadon so, da ɗan daddawa da gishiri. Kimba da kanumfari suna da ƙarfi, idan suka yi yawa sukan danne ɗanɗanon zomo gaba ɗaya. A zuba ruwa ya rufe naman daidai, in ya tafasa a rage wuta ya riƙa ɓararraka a hankali. Bayan minti 25 a sa gadon baya, a ƙara minti 15 zuwa 20. Hanta da ƙoda a sa su minti biyar kafin saukewa. Tsohon zomo ko na daji yakan ci sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma shi ana zuba dukkan sassansa tare.

A miyar dage-dage, kuskuren da aka saba yi shi ne bin tsarin naman sa: a tafasa sosai, a tsame a soya a cikin mai har ya yi ƙarau, sannan a mayar cikin miya. Wuta uku ke nan, zomo kuma ba ya jure su. Abin da ya fi shi ne a fara soya ɗanyen naman sama-sama a mai mai zafi, minti biyu ko uku kowane gefe don ya yi ja, a kwashe. A cikin wannan man a soya markaɗen tumatir da tattasai da albasa har tsaminsa ya fita, a mayar da naman da ɗan ruwa, a rufe a bar shi minti 35 zuwa 45 a ƙaramar wuta.

Miyar gyaɗa da miyar taushe sun fi kowace miya dacewa da shi, saboda gyaɗa tana kawo maiƙon da naman ya rasa, kabewa da alayyafo kuma suna kawo bitamin da harzar da babu a cikinsa. A Masar, wadda ke cikin manyan ƙasashen da ke kiwon zomo a duniya, da miyar lalo aka fi saninsa, ganyen da ake kira ayoyo a wasu wurare. Suna dafa zomon da albasa da kayan ƙanshi, su tsame naman su soya shi sama-sama a man shanu, su zuba yankakken lalo a cikin romon, daga ƙarshe su soya tafarnuwa da garin kusbara a mai su juye a kan miyar tana kan wuta. Da shinkafa suke ci, amma tana tafiya da tuwo ba tare da an canja komai ba. A yankin Balansiya na Sifen kuwa a cikin shinkafa suke dafa shi tare da kaza da ɗanyen wake, kuma haka yake yin kyau a dafa-duka idan aka fara soya naman sannan aka dafa shinkafar a romonsa.

Gashi sai da matashin zomo. A banƙare shi ya kwanta shimfiɗe ko a gasa shi gaɓa-gaɓa, a kan garwashin da ya riga ya yi toka a sama, ba a kan harshen wuta ba. A riƙa shafa masa mai duk bayan minti biyar ana juyawa, na tsawon minti 30 zuwa 40. Gadon baya a ajiye shi a gefen da wuta ba ta da ƙarfi. Faransawa suna shafe shi da mustad su lulluɓe shi da kitse kafin su sa a tanda. Siririn kitsen da ke lulluɓe da tumbin rago yana yin wannan aiki sarai. Don tsire, a zare tsokar cinya da ta gadon baya daga ƙashi, a yanka fale-fale, a soke a tsinke, a shafa mai, a birkima a garin ƙuli-ƙuli mai yaji, a sake yayyafa mai. Minti 10 zuwa 12 ya isa. Bayan an sauke a rufe shi minti biyar kafin a yanka, don ruwan jikinsa ya zauna.

Dambun nama shi ne mafita ga mai kiwon da ya rage tsofaffin zomaye biyu ko uku a lokaci ɗaya. A dafa su da albasa da citta da gishiri har nama ya saki ƙashi ruwan ya kusa ƙafewa. A bari ya huce, a zare naman da hannu, a bi shi sau biyu ana lalubar ƙananan ƙasusuwan haƙarƙari da na gadon baya. A daka shi sama-sama a turmi, a soya a man gyaɗa da yaji a matsakaiciyar wuta ana juyawa ba tsayawa har ya bushe ya yi wara-wara. Zai sha mai fiye da dambun naman sa.

Ajiya

Ɗanyen nama kada ya wuce sa'a biyu a waje, idan kuma zafi ya haura digiri 32, kamar a watannin bazara, sa'a ɗaya ce iyakarsa. A firji mai sanyin digiri 4 yana kwana biyu, dafaffe kuma kwana uku zuwa huɗu. A injin daskarewa mai digiri 18 ƙasa da sifiri, guda sukutum yana kai shekara, daddatsattse wata tara, amma wannan lissafi na inda wuta ba ta yankewa ne. Naman da ya narke ya yi ɗumi ba a mayar da shi ya sake daskarewa, dafa shi ake yi nan take idan bai wuce wancan lokaci yana da ɗumi ba, in ya wuce a zubar. A naɗe shi sosai a leda a fitar da iska, domin rashin kitse da fata yana sa sanyi ya busar da shi.

Inda babu firji, a shafa masa gishiri a kyafe shi a kan hayaƙi da ƙaramar wuta har ya bushe ƙarau, a rataye a wuri mai iska, a riƙa ɗumama shi a kan wuta duk bayan kwana biyu ko uku, musamman da damina. Kyafaffen zomo sai an jiƙa shi a ruwan ɗumi na rabin sa'a kafin a sa a miya, kuma ya fi dacewa da miyar kuka da ta kuɓewa busasshiya. Dambun da ya soyu ya bushe sosai yana yin makonni a cikin mazubi mai murfi, idan da busasshen cokali ake ɗiba.